Addu'ar Dutsen Niƙan Khaibar

Ko zan manta komai na samartakata a Madina, ban da ranar da muka kai kakata Khaibar. Shekarata goma sha tara a lokacin, ɗan unguwar Uhudu mai ji da kansa. Ina jin Hausa sarai, amma a yi mini ita in amsa da Larabci, don a ganina yaren tsofaffi ne. Kakata, wadda take kirana maigida, kullum cewa take ba ta taɓa ganin mijin da ke kunyar yaren matarsa ba sai ni.

Dabino muka je saya wajen wani abokin babana. Bayan an ci an sha, mutumin ya ce kada mu tafi ba mu ga Jazira ba. Wani tudu ne a tsakiyar gonaki, ruwa ya zagaye shi, sai ta kan kututturen dabino ake hayewa. Babana ya tsaya zaɓen dabino, ni kuma na goya kakata muka haye, tana ta tsiya a bayana wai ta samu jaki kyauta.

A kan tudun akwai wani ɗakin laka da rufinsa ya rufta, a ciki ga ƙaton dutsen niƙa. Wani tsoho ɗan garin, baƙi kamar mu, shi ke kula da wurin. Da Larabci ya ba mu labari. Raƙumi ne ke juya dutsen a da, in ya gaji sai a sa bayi, wasunsu mahajjata ne da aka sace a hanya. Kakarsa na cikinsu. Ta rasu ba wanda ya san garinsu, abin da ta bari kawai wata addu'a ce da take yi in tana tura dutsen. Ya haddace ta tun yana yaro, ya tofa wa 'ya'ya da jikoki, amma bai san ma'anar ko kalma ɗaya ba. Ya ce tsoronsa ya mutu bai sani ba.

Kakata ta ce ya karanta mu ji. Ya ɗaga hannu ya fara, murya ƙasa-ƙasa. To, kunnen kakata ya yi nauyi, ni kaɗai nake ji. Da ya maimaita, duk da harshensa ya lanƙwasa kalmomin, na tsinci "raƙumi", na tsinci "gari". Hausa ce.

Na fara juya wa kakata da Larabci, ta galla mini harara. "Maigida, da bakin da aka yi ta za ka faɗa mini."

Haka na sunkuya a kunnenta, na ɗaga murya da gurguwar Hausata: "Raƙumi ya kwanta, ni na tashi. Mai dutse, gemunka ya sha gari, bunsuru ya fi ka kyan gani."

Kakata ta yi dariya har ta zauna a kan dutsen. Tsohon ya matsa sai na faɗa masa, ni kuwa na rasa yadda zan gaya wa dattijo cewa shekara da shekaru zambo yake tofa wa zuriyarsa. Da na faɗa sai ya fashe da dariya har da hawaye. Ashe a gaban ubangidanta take zaginsa, shi kuma, in ji tsohon, har amin yake cewa. Ban taɓa jin daɗin dariya irin na ranar ba.

Saura ɗan guntu na ƙarshe. Na saurara sau uku kafin na kama shi, na faɗa a kunnen kakata: "Ni 'yar Damagaram ce, a gaya wa inna ina nan."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Kakata ta dubi tsohon ta ce, "Ɗan'uwana, saƙo ya iso. Iyayena ma daga can suka taso." Na fassara masa. Ya sa na rubuta masa sunan garin a takarda, ya rako mu har mota yana ta maimaita shi kada ya kuɓuce masa. Kakata kuwa har muka shigo Madina tana shelar cewa yau maigida ya yi baki.

Daga ranar na daina amsa mata da Larabci. Na gane cewa yaren da nake wa kallon kayan tsofaffi amana ce a bakina. Wata baiwar Allah ta aiko da saƙo ya yi fiye da rayuwar mutum yana jiran mai ji, kuma saura kaɗan ya iske ni na riga na zubar da yaren.