An Ɗora Ni Kan Sikelin Zuba

Mun tashi daga Nyanya ana idar da sallar asuba. Na ce "mun", amma ni ne da babur ɗina na hawan duwatsu. Abokan hawana, ma'aikatan gwamnati masu sabbin babura, sun daina kirana tun ranar da bayan babur ɗin ya zauna daɓas a kan tudu, suka tsaya jirana suna dariya. In ban gyara shi ba, hawa ya ƙare mini.

Hanya cike da manyan motoci sabbi fil. Kuɗi ya shigo garin nan, bai dai san ƙofata ba. A Kubwa na sha shayi da burodi, mai shayin ya zuba madara kamar yana ɗiga maganin ido.

A Zuba akwai wani makanike da aka ce ya san shoka, abin nan mai shanye gargada. Ya danna babur ɗin ya dube ni.

"Oga, kilo nawa kake?"

Na ce tamanin da biyar.

"Wace shekara?"

Ya ja ni cikin kasuwar kayan marmari, ya ɗora ni kan sikelin buhuna, da hular kwano da takalmana. Ɗari da goma sha biyu. Masu lemo suka yi shewa, wani ya ce, "Alhaji, a ɗinke bakin buhun?"

Ashe ɗaure sifirin, murɗaɗɗen ƙarfen nan na jikin shoka, da na yi a gida har ƙarshe shirme ne. Ɗauri ba ya ƙara masa ƙarfi, an yi shi ne don mai kilo saba'in. Ya sa mai kauri. Na ce shi ke nan. Ya ce a'a, sai an buɗe shoka an ƙara ƙananan farantai a bawul ɗin da mai ke bi, in ba haka ba sabon sifirin zai riƙa harbina kamar jaki. Na zauna na ci ayaba har la'asar.

Na gwada shi a hanyar burji ta bayan Tungan Maje. Wallahi ramuka suka zama katifa. Na yi ihu, na waiwaya don in ga wa ya gani. Shanu ne kawai.

Da zan tafi makaniken ya ce, "Bayan sati ɗaya ka auna yadda bayan babur ɗin yake sauka. Ka hau, mutum ɗaya ya riƙe, ɗaya ya auna."

Na iso gida kafin magariba. Abin da na koyo: ka faɗi nauyinka na gaskiya, ƙarfe ba ya jin kunyar kowa. Yau kwana tara ke nan. Tef ɗin awo yana rataye a jikin babur ɗin. Mutum biyu har yanzu ban samu ba.