Zaƙami a Gorar Zoɓo

Sunana ba zai ƙare ku da komai ba, ku bar shi. Mutanen garinmu Balan dai sun san ni, don a da in ka ji majalisa ta tuntsire da dariya, to ni ne na iso. Tafiyar kowa na iya kwaikwaya, har ta ladan. Boko kuwa a aji uku na ƙaramar sakandare muka rabu, ba faɗa ba gaba, ita ba ta gane ni ba, ni ma ban gane ta ba. Babana ya rasu tun ina ƙarami, ni da Innata muke riƙe da 'yar garka a bayan gida, kuɓewa da yakuwa.

A gefen garkar, wajen juji, zaƙami yake fitowa duk damina ba wanda ya shuka shi. Furensa fari dogo kamar kakaki, 'ya'yansa duk ƙaya. Ko akuya ba ta kallonsa. Kullum Inna sai ta ce in tuge shi in ƙone, haukata-yaro ne. Ni kuma sunan ne ya burge ni.

Da wasa na fara. A bikin wani abokinmu na zuba wa Habu mai faci zaƙami a kunu. Ya wuni yana tsintar abin da babu a ƙasa, yana gaida darbejiya. Muka yi dariya har da hawaye. Kwana biyu bai san inda kansa yake ba, da ya farfaɗo kuma bai tuna komai ba. Wannan rashin tunawar ita wani Bala ya hango, dillalin tsofaffin mashina da ke zuwa kasuwar Gaya. Ya ja ni gefe ya ce kai irin nawa bai kamata ya ƙare a ba mutane dariya kyauta ba.

Aikin ba wuya. In ɗauki shatar ɗan acaɓa zuwa ƙauye mai nisa da rana tsaka, in cika shi da barkwanci, in fito da zoɓo gora biyu, in sha ɗaya in miƙa masa mai zaƙamin. Bala yana biye a baya. Mashin uku muka ɗauke haka, ban taɓa waiwayawa na ga yadda muka bar masu su a gefen hanya ba.

Na huɗu shi ne Sale, wani magidanci ɗan Gafasa, mai shiru-shiru. Ranar Alhamis ce, na ɗauke shi daga Gaya zuwa wajen Ajingi. Na miƙa masa gora, ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, ya jefa a jakar da ke rataye a mashin. Na ce ya sha mana tun da sanyinsa. Ya yi ta zillewa, kun san mai azumin nafila ba ya son talla. Da na matsa sai ya ce, “Azumi nake, ɗan'uwa. In an sha ruwa za mu raba da Iyata, ita ma tana yi. Tana son zoɓo.”

Na ce to ya ba ni in canja masa da wani. Ya ɗauka cikin wasan nawa ne, ya yi dariya ya ja mashinsa. Na kira Bala, ya ce ina ruwana da tsohuwar wani, in kashe waya.

Ban kashe ba, ban kuma koma gida ba. Na hau mota zuwa Gafasa, na yi tambaya aka nuna mini gidan. Da la'asar sakaliya ina tsaye a gindin wata tsamiya, ga zauren, ga mashin a jingine. Bai fi taku ashirin ba. Abin da zan faɗa ma ba shi da tsawo: kar ku sha. Amma na san za a ce don me. Ni da bakina ba ya rufuwa, ranar na shirya ƙarya kala biyar, ko ɗaya ba ta kai ni ƙofar ba. Ina nan tsaye aka kira magariba.

Ashe Sale dabino da ruwa kawai ya sha ya wuce masallaci, ya bar wa tsohuwa gorar duka. Kafin isha'i mata suka fara salati a cikin gida. Sai ga ta ta fito ba ɗankwali, tana kiran mijinta da ya daɗe da rasuwa, ta yi tuntuɓe a dokin ƙofa ta faɗi. Mata na cewa iska ce, a kira malam. Na san in aka tsaya tofi ba za ta kai ba. Sale ya rugo daga masallaci ya durƙusa kanta, ya ɗago muka haɗa ido.

“Ba kai ne fasinjan ɗazu ba? Me ya kawo ka?”

Na ce, “Ba iska ba ce, zaƙami ne. Ku kai ta asibiti.”

Dukan da na sha ba zan ba ku labarinsa ba, na cancanci fiye da haka. Bala ya ɓace, ni aka yanke wa shekara biyar. Inna ta zo sau biyu, daga nan ƙafarta ta hana. 'Yan majalisa da na shekara ina ba su dariya, ko saƙon gaisuwa. A ciki na gwada kwaikwayon tafiyar wani gandiroba, aka yi dariya, ban da ni. Daga ranar na bari.

Da na fito, Gafasa na fara zuwa. Iyar Sale ta tsira daga dafin, amma faɗuwar ta karya mata ƙugu, ba ta sake takawa ba har ta rasu ina tsare. Sale ya saurare ni a zaure har na gama. Ya ce nasa haƙƙin ya yafe, nata kuwa ba a hannunsa yake ba. Sannan ya ce, “Ba zoɓon ne ya fi ci mini rai ba. An ce tun la'asar kana tsaye a can.”

Yanzu ƙwadago nake a gonakin mutane. Na tuba, ina salla a sahun baya. Da yamma in maza suka fito da abinci ƙofar gida ana ciyayya, ni ma nakan kawo kwanona, tuwon da Inna ta tuƙa da hannunta. Kowa sai ya ce alhamdulillahi ya ƙoshi. Ban ga laifinsu ba.

Ku samari, in kun ga zaƙami a garka ku tuge shi, kar ku gwada a kan kowa, ko da sunan wasa. Wanda kuma ya riga ya yi ɓarna, lokaci bai ƙure masa ba, ya je ya buga ƙofar nan ya faɗa tun kafin a kira salla. Duka za ka sha, ba musu. Duka yana warkewa. Ni nawa ya warke tun a watan farko.