Hulunan Baba a Rana

Wankin hula ne sana'ar mahaifina. A ƙofar gidanmu a Mandawari yake yi, daga shi sai singileti da wando a naɗe, sitaci har gwiwar hannu. In ya wanke sai ya kifa kowace hula a kan itacenta, ya jera su a rana. Manyan unguwa da yawa shi yake fitar da su kunya ranar Juma'a, amma ni a lokacin idona bai kai nan ba.

Akwai wani mai hoto a layinmu da mutane ke cewa yana da ɗan taɓi. Mu a saninmu, hoto sai an yi wanka, an sa kayan Sallah, an tsaya ƙiƙam. Shi kuwa sai ya rataya kyamara ya bi lungu-lungu, ya ɗauki wanzami yana aski, ya ɗauki magina suna cuɗa ƙasa. Ba ya cewa kowa ya shirya.

Shekarar da na samu aikin ofis, ina neman aure a wani gidan masu hali a Ƙofar Na'isa, sai wani abokina ya tare ni yana ƙunshe dariya. Ya ce, "Na ga Baba a shagon mai hoto, an yi shi ƙato a bango."

Na je. Ga Baba nan yana ƙyaƙyata dariya, giɓinsa a waje, hula a hannunsa tana ɗigar da ruwa. Ni ba abin da na hango sai ranar da wani daga dangin yarinyar zai biyo ta nan ya gani.

Na yi wa mai hoton tatas, mutumin da a shekaru ya haife ni. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Malam, ka dube shi da kyau kuwa? Ban taɓa ɗaukar wanda ya kai wannan ba." Na ce ni dai ya cire, ya haɗo mini da fim ɗin. Ya miƙo mini. Na cusa su a murhun mai shayi, na tsaya har suka cinye.

Sati na zagayowa na aro babbar riga, na kai Baba situdiyo. Ya zauna a takure kamar wanda aka kai gaban alƙali. Hoton da ke falona ke nan yau, kuma waɗanda suka san shi ma sai sun tambaye ni wane ne. An ɗaura auren lafiya. Surukan da nake ta tsoro, ashe su ma wajensa suke aiko da hulunansu. Baba bai taɓa tayar mini da maganar ba, har na ɗauka bai san abin da na yi ba.

Baba ya rasu, mai hoton ma ya bi shi. Bara 'yar mai hoton ta tattara ayyukan mahaifinta da tarihinsa, aka buga littafi. Na saya, na zauna ina buɗawa. Ga unguwarmu kaf, kowa a bakin aikinsa, har da waɗanda na manta kamanninsu. Ina ta addu'a a zuci Allah ya sa mutumin nan ya yaudare ni, ya ɓoye ko da kwafi ɗaya ne na hoton Baba.

Bai yaudare ni ba. Can wajen tsakiya na ci karo da ƙofar gidanmu: huluna a jere, baho, kujera, babu kowa. A ƙasa 'yar ta rubuta abin da mahaifinta ya gaya mata. Wai ya sha komawa wajen mai wankin hular, amma da zarar mutumin ya hango kyamara sai ya tashi ya shige zaure, ya ce a ɗauki hulunan kawai, ɗansa ba ya son a gan shi haka.

Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta ranar ba. Ashe ya sani. Kuma shekaru ya yi bayan haka, kullum na dawo daga ofis shi yake riga ni yin sannu da aiki.