Dinatu Mai Kifi da Maganin da Ba Ta Samu Ba

Duk wanda ya taɓa jiran mota a tashar Madarumfa ya san Dinatu mai kifi. Ƴar garin Gabi ce, aure ya kawo ta bakin tabkin Madarumfa. Mijinta Kalebu yana da garka a gefen ruwa, yana noman tumatir da albasa. Ita kuwa da sassafe take zuwa wurin masunta ta zaɓi karfasa da tarwaɗa, ta wanke, ta kafa kasko a gindin wata bedi. Da wannan kaskon ta riƙe ɗiyarsu Elizabet a lakwal, wato makaranta, har ta zama ungozoma a Yamai. Ranar Lahadi kawai take hutawa, domin ita ke ba da waƙa a zumuntar mata ta majami'arsu.

A tasha, a gefenta Hasiya mai fura take zama, maƙwabciyarta kuma aminiyarta. In Hasiya ta tashi salla, Dinatu ce ke tsare mata ƙwarya.

An taɓa auna Dinatu aka ce tana da hawan jini. Ta sha magani na ɗan lokaci, da ta ji ciwon kai ya lafa sai ta bari.

Wata rana da hantsi tana juya kifi, matsami ya suɓuce mata ya faɗa cikin mai. Ta so ta ɗauko shi, hannun dama ya ƙi ɗaguwa.

Hasiya ta dube ta ta ce, "Dinatu, lafiya? Na ga bakinki ya karkace."

Dinatu ta yi ƙoƙarin amsawa, maganar ta fito a dagule. Mata suka kama ta suka kai ta gida, aka kira Kalebu daga garka. Ya taɓa goshinta, ya ji babu zazzaɓi.

Ya ce, "Gajiya ce da zafin wuta. Maman Elizabet ba ta san hutu ba. A bar ta ta ɗan yi barci."

Ya shafa mata man zafi a kafaɗa, ya lulluɓe ta, ya koma ya ƙarasa ban ruwa. Da ya dawo bayan la'asar ya tarar ƙafar dama ma ta saki, idonta biyu, tana kallonsa ba magana. A nan ne ya kira Elizabet a waya.

Ta ce, "Baba, tun yaushe abin ya fara?"

"Tun da hantsi."

Ta ce, "Ku kai ta Maraɗi yanzu. Kada ku ba ta ruwa ko abinci, za ta iya shaƙewa."

Alhassan, mijin Hasiya, direba ne mai jigila tsakanin Maraɗi da Ɗan Issa. Ya riga ya yi lodin albasa, amma ya sa aka sauke lodin, ya shimfiɗa katifa a bayan mota. Kalebu ya zauna ya ɗora kan matarsa a cinya har suka isa.

A asibiti aka ɗauki hoton kanta. Wata likita mai sanyin murya ta zaunar da Kalebu a kan benci ta yi masa bayani. Ta ce gudan jini ne ya toshe wata jijiya a ƙwaƙwalwa, wurin da jini bai kai ba ya soma mutuwa. Akwai allurar da ke narkar da irin wannan gudan, amma sai an yi ta cikin awa huɗu da rabi da farawar ciwo. Bayan nan tana iya jawo zubar jini a kai. A wasu manyan asibitoci kuma sukan zura siririyar waya ta cikin jijiya su zaro gudan, amma wannan aikin ya yi musu nisa.

Kalebu ya ce, "Da na kawo ta da safe fa?"

Likitar ta ce, "Baba, ba zan ɓoye maka ba, yau allurar ba ta hannunmu. Da kun zo da wuri da mun yi abin da muke iyawa, amma ba zan ce maka lalle da ta tashi ba."

Ya gyaɗa kai. Daga baya Elizabet ta sha maimaita masa wannan magana, amma abin da ya zauna masa a rai shi ne ya lulluɓe ta ya tafi ban ruwa.

Aka sallamo Dinatu da ɓarin jiki a shanye. Tana gane kowa, tana jin abin da ake faɗa, sai dai kalma ba ta fita. In tana son ruwa sai ta yi ta "to, to" har hawaye su zubo mata. Kalebu ya bar wa wani ɗan'uwansa garka. Ya koyi juya ta don kada bayanta ya yi gyambo, ya koyi dama kunu mai kauri wanda ba zai shaƙe ta ba. Hasiya ce ke zuwa yi mata wanka da kitso.

Wata Lahadi matan zumunta suka zo gaishe ta. Da za su tashi suka ɗauki waƙa a tsakar gida. Suna cikin baiti na biyu sai suka ji wata murya ta shigo daga kan tabarma. Dinatu ce, kalmomin suna fita daidai, ɗaya bayan ɗaya. Matan suka ci gaba suna kuka suna waƙa. Da aka gama Kalebu ya durƙusa a gabanta.

"Maman Elizabet, kira sunana."

Ta dube shi ta ce, "To."

Haka ta zauna damina biyu. Tana iya waƙa in an fara mata, amma ba ta ƙara kiran sunan kowa ba. A damina ta biyu ciwon ƙirji ya kama ta, jikin kuma ya riga ya gaji. Ta rasu da rana tsaka, Hasiya na riƙe da hannunta.

Ranar jana'iza direbobi da masunta da mata masu talla suka rako gawar har maƙabarta. Musulmin cikinsu suka tsaya daga gefe, shiru, har fasto ya gama addu'a.

Da zaman makoki ya watse, Elizabet ta haɗa wa mahaifinta kaya a jaka ta ce ya bi ta Yamai, tana da ɗakin da zai zauna. Kalebu ya kwance jakar ya mai da rigunansa kan igiya.

Ya ce, "Ki tafi, ɗiyata. Damina ce. In na bi ki, wa zai riƙa cire mata ciyawa a kabari?"