Giɓin Usaini Maƙeri

A Haɗeja, duk manomin shinkafar da ya san ciwon kansa laujen Usaini maƙeri yake nema. Sauran maƙera sukan tsoma jan ƙarfe cikin ruwa gaba ɗaya. Shi kuwa sai ya guntsi ruwa, ya fesa wa bakin laujen ta wushiryarsa, siririn yayyafi, kaifin ya yi ƙwari, sauran jikin ya huce a hankali. Tun yana saurayi haka yake yi, kuma gaskiya yana ji da bakin nan nasa fiye da kima.

Ana dab da yankan shinkafa, rake ya fizge masa haƙorin gaba. Ya koma maƙera ya fesa, ruwa ya fito kamar daga buta. Lauje ya ce ƙas, ya tsage. Na biyu ma haka. Ga manoman Guri sun ce suna tafe ranar kasuwa, in ba su sami laujuna ba, za su nufi wani maƙerin. Ran Usaini ya ɓaci ƙwarai. Mutumin da ake jiyo dariyarsa daga bakin titi ya koma magana hannu a baki.

Maƙwabciyarsa Dibora, mai shagon kitso, ta gaji da shirun. Ta leƙo riƙe da robar feshin da take jiƙa gashin mata da ita.

"Baba Usaini, gwada wannan."

"Haba, Maman Mercy! Kayan kitso a maƙera? Rufa mini asiri."

"Wane asiri kuma? Duk unguwa ta ji ƙarar laujen nan."

Ya karɓa yana ƙunƙuni. Ya fesa a bayan wata tsohuwar fartanya, ya kai ido kusa: ɗigon ya yi girma, kamar dawa. Ya murɗa bakin robar, sai feshin ya yi laushi ainun, zafi zai shanye shi tun bai sauka ba. Ya yi ta murɗawa har ɗigon ya dawo kamar ƙwayar gero, irin nasa na da. Sannan ya zaro lauje daga wuta da awartaki, ya yi bismilla, ya fesa.

Ƙarfen ya yi cuu. Su biyu suka kasa kunne. Shiru, bai tsage ba. Ya wasa shi, ya ja a kan damin ciyawa, ta zube gida biyu.

Murna ta kama Usaini, ya ƙyalƙyale da dariya, giɓi a waje, ya manta da rufe baki.

"To, ba ni kayana, na bar mace da rabin kitso," in ji Dibora.

Ya ɓoye robar a bayansa.

"Maman Mercy, ki jiƙa mata da kofi. Laujunan mutanen Guri na jira."