Jan zaren Inna

Jiya a wani kanti a Lyon na ɗauki sabon zaren ulu, na tsaya ina kallonsa kamar wawa.

Mu masu tuƙa planeur, jirgin nan marar inji, muna manna ɗan zare a gilashin gaba. Shi ke nuna ko jirgi ya karkace.

Inna ba ta son tashina sama. Amma ranar da zan sayo zarena na farko, ta tsinko mini ja daga hular da take saƙawa.

"Inna, ai ana sayarwa."

"Mai kantin zai yi maka addu'a?"

Ta rasu cikin azumi. Zaren ya koɗe, moniteur, malamin tuƙinmu, ya ce dole in canza.

Na ajiye sabon, na fito daga kantin.

Ku da kuka rasa uwa, yaya kuka yi kuka cire abin da hannunta ya ba ku?