Fiya Biyu a Buhun Gero

Mahaifina mutum ne mai son zaƙi, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Duk shekarun da ya yi yana aikin malamin gona a Ajingi, yana zaga ƙauyuka a kan babur, ba a raba aljihunsa da mazarƙwaila ko alewar gyaɗa. Shayinsa kuwa, Inna kan ce ba shayi ba ne, sukari ne aka jiƙa. Saboda haka ranar da aka auna shi a asibiti aka ce ciwon sukari ne, ga kuma hawan jini, duk mun ɗauka rabuwa da zaƙi ce za ta kayar da shi. Ashe ba mu san shi ba. Ya ajiye gwangwanin sukari da hannunsa, ya ce Allah ya sa kaffara ne, bai sake waiwayarsa ba.

Abin da ya kayar da shi daban ne, kuma na daɗe ban gane ba.

A unguwarmu, tun kafin a haife ni, magidanta shida ne ke ciyayya a ƙofar gidan liman, wanda katanga ɗaya ce ta raba shi da namu. Ana idar da sallar magariba sai a shimfiɗa tabarma, kowa a fito masa da kwanonsa daga gida. A jawo na farko a sa hannu gaba ɗaya, in an cinye a jawo na gaba. Mata ba sa zuwa wurin, amma kwano na kawo musu labari. Wadda nata ya dawo wayam ta san miyarta ta yi, wadda nata ya dawo da saura kuwa ba sai an ce mata komai ba. Ni dai tun tasowata ban taɓa ganin kwanon gidanmu ya dawo da ko loma ɗaya ba. Baba kan shigo da shi da kansa ya miƙa wa Inna, ita kuma ta buɗe ta leƙa kamar ba ta damu ba, ta ajiye.

Da ciwo ya zo, sai abincinsa ya sauya: tuwon alkama, miyar ganye, mai kaɗan, gishiri kamar an yi rowa. Ranar farko aka fitar da kwanon, ya dawo an ci gefe ɗaya kawai, gefen da ke gabansa. Abokan nasa ba da mugun nufi suka yi ba. Cewa suka yi wannan na magani ne, a bar wa Malam kayansa ya ƙoshi. Shi kuma ba dama ya sa hannu a nasu. Haka aka yi kwana uku, yana zaune cikin mutane yana cin abinci shi kaɗai. A rana ta huɗu ya ce ƙafarsa na ciwo, a ajiye masa a ƙofar ɗaki. Daga nan ƙafar ba ta sake warkewa ba, sai dai tana kai shi masallaci sau biyar ba gardama.

Ni a lokacin ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata a Gaya, sai Juma'a nake shiga mota in zo gida. Duk zuwan da zan yi sai in ga wuyan rigarsa ya ƙara faɗi. Zan tarar da shi a kan tabarma da rediyo a gefe, yana tsakurar tuwo, alhali ta bayan katanga ana jin dariyar abokansa. Abin ya dame ni ƙwarai. Ni kuma da gajeren tunanina na yanke cewa kewar zaƙi ce ke cinsa, kunya ce ta hana shi faɗa.

Akwai wata abokiyar aikina 'yar Jos, ita ke koyar da girke-girke. Wata rana a ɗakin malamai ta buɗe wata 'yar roba ta miƙo min cokali. Abu ne baƙi-baƙi, mai santsi, mai sanyi, ya narke a harshe tun kafin in yi shirin haɗiyewa. Na ce wane kanti ta sayo wannan cakulan? Ta yi dariya ta ce fiya ce. A murƙushe nunanniyar fiya, a zuba garin cakulan wanda ba a sa masa sukari ba, da 'yar madara, da dabino ƙwaya biyu don ya kashe ɗacin, shi ke nan. Ban bar ta ta gama cin abincinta ba sai da ta maimaita min sau biyu. Na kuma je na tambayi ma'aikaciyar jinyar da ke duba Baba, ta ce in ɗan kaɗan ne, bayan ya ci abinci, kuma ba kullum ba, babu laifi.

Da aka ba mu hutu na shiga Kano na nemo garin, na je wajen masu kayan marmari na tsaya gaban tulin fiya kamar na san abin da nake yi. A gidanmu an koya min cewa duk abin da ya yi laushi a kasuwa ya kusa ruɓewa. Sai na bi su ɗaya bayan ɗaya ina matsawa, na ture masu taushi gefe, na zaɓo uku masu tauri kamar dutsen guga. Mai sayarwar ya fara yi min wani bayani, na katse shi, don na ɗauka so yake ya liƙa min waɗanda suka kwana.

A gida wuƙa ta shiga da ƙyar, cikin kuma ga shi fari-fari, ba ya ko motsi a ƙarƙashin cokali. Inna ta karɓa ta jujjuya. Mahaifiyata Bafulatanar Gafasa ce, ba ta da yawan magana, kuma ba ta yarda akwai abin da ya fi ƙarfin tukunya ba.

Ta ce, "Ai ɗanya ce. Kawo a dafa, kamar makani."

Muka dafa ɗayar da na yanka. Na ɗanɗana na tofar, ita ma ta ɗanɗana, ta daure ta haɗiye don kada ta ba da kai, sannan ta ce wa ya san abin da mutanen Jos ke ci. Ko awaki da aka zuba musu sun sunsuna sun wuce. Na kira abokiyar tawa a waya, ta yi dariya har sai da na ji haushi. Ta ce ba a dafa fiya, kuma ba ta nuna a bishiya, sai an ajiye ta a wuri mai ɗumi ta yi laushi da kanta.

Da na faɗa wa Inna sai ta ce, "Ashe halin mangwaro gare ta. Da kin faɗa tun farko."

Ta kwance bakin buhun gero a ɗakin ajiya, ta tura sauran biyun can ciki har gwiwar hannu, ta ɗaure. Kowace safiya kafin ta hura wuta sai ta je ta lalubo su, ta danna da babban yatsa, ta mayar. Ta ce ba ruwanta da abin, amma ta hana ni taɓa buhun, wai hannuna na da gaggawa. A kwana na huɗu ta fito da su ta ajiye a gabana. Na danna, yatsana ya shiga.

Ɗaya ta yi kyau, cikinta kore da rawaya kamar man shanu. Ɗayar rabinta ya yi baƙi, muka yanke muka zubar. Na ɗauko injin markaɗen da na taho da shi daga Gaya, sai na tuna rabonmu da wutar lantarki kwana biyu ke nan. Inna ta dube ni, ta dubi injin, ta miƙa hannu ta ɗauko ƙwaryar da take dama fura. Da bayan ludayi ta murƙushe fiyar, a hankali, tana juya ƙwaryar a cinyarta, har babu gudaji ko ɗaya. Ni na jiƙa dabino biyu a ruwan ɗumi, na daka a ƙaramin turmi, na tace ta rariya. Madarar gwangwani da na kawo kuwa Inna ta ture ta gefe, ta ɗebo kindirmon da 'yan'uwanta suka aiko da shi, ludayi ɗaya. Da na zuba garin cakulan koren ya ɓace, abin ya koma kalar ƙasar fadama bayan ruwa. Ta sa maburgi ta burga har ya yi sheƙi.

Ta lakata da ɗan yatsa ta kai baki. Ta sake lakata.

Ta ce, "Ba laifi."

A bakin Inna wannan yabo ne babba. Duka-duka abin bai fi cikin 'yar ƙaramar tasa ba. Muka rufe, muka binne gindinta a jiƙaƙƙen yashin da ke ƙarƙashin randa, muka bar ta tun azahar.

Bayan magariba Baba ya shigo ya zauna a tabarmarsa, ya tsakuri tuwonsa kamar kullum. Da ya wanke hannu na durƙusa na ajiye tasar a gabansa da cokali. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

Ya ce, "Uwata, wannan kuma mene ne?"

Na ce, "Ɗanɗana ka ji, Baba."

Ya ɗebi kaɗan a bakin cokali. Ina kallon fuskarsa. Ya lumshe ido, ya daɗe bai buɗe ba, ni kuma daɗi ya cika ni har na fara tsara yadda zan ba abokiyata labari.

Ya ce, "An yarda in sha wannan?"

"An yarda. Na tambaya."

"Ba na magani ba ne?"

"Ba na magani ba ne, Baba. Kayan daɗi ne kawai. Kowa ma zai iya sha."

Sai ya mayar da murfin ya rufe. Ya laluba ya ɗauki hularsa, ya miƙe, ya zura takalmi, ya ɗauki tasar da cokalin a sama, ya nufi zaure. Ƙafar nan mai ciwo ko ɗingishi ba ta yi ba. Na yunƙura zan bi shi in ce naka ne kai kaɗai, Inna ta kama gefen zanina ta zaunar da ni.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Tafiya Kano, kwana huɗu a buhun gero, fiya ɗaya da rabi, a kai wa mutanen da ke shan shayinsu da sukari cokali uku-uku. Na koma gindin katanga na zauna ina cika ina batsewa, kuma daga nan nake jin komai. Na ji an yi masa lale, liman na tambayarsa ƙafa. Na ji ƙarar murfi. Wani ya ce wannan ai kwaɓaɓɓiyar laka ce, Malam ya zo ya kashe mu. Sai na ji ƙarar cokali. Can wani ya ce akwai man shanu a ciki, wani ya rantse babu, nono ne. Sai ga muryar Baba ta tashi, irin wadda yake yi wa manoma bayani da ita a da, yana ba su labarin wata bishiya da ke yi a ƙasar Jos, wadda 'ya'yanta ba sa nuna sai an binne su a gero. Yadda yake bayanin sai ka ce shi ya dasa ta. Rabon da in ji muryarsa ta kai haka tun kafin a kai shi asibiti.

Bai shigo ba sai da suka yi sallar isha'i. Ya wuce ni, ya miƙa wa Inna tasar, yadda ya saba miƙa mata kwano. Ta buɗe ta karkata ta wajen fitila. An sa yatsa an share ta tas, har murfin.

Na kasa haƙuri na ce, "Baba, kai cokali nawa ka samu?"

Ya ce, "Wanda na sha a nan."

Na buɗe baki zan yi mita, sai na ga yadda yake kallon tasar a hannun Inna, na mayar da bakina na rufe. A nan na gane wata uku ina yi wa ciwon da ba shi ne ciwon ba magani, kuma kunya ta kama ni.

Ya cire hula ya rataye, ya ce wa Inna, "Gobe a fitar min da tuwona waje."

Ta ce, "Malam, ai ba za su ci ba."

Ya ce, "Ko ba su ci ba, a can zan ci."

Inna ta ce to. Ta ci gaba da juya 'yar tasar a hannunta, kuma ba ta kai ta wajen wanke-wanke ba sai da gari ya waye.